Anti Sai-Na-Gani da Katangar da Ta Kulle Injiniya

Shagon askina yana kallon ofishin taimakon shari'a kyauta, titi ne kawai a tsakaninmu. Saboda haka duk mai son sanin yadda Anti Sai-Na-Gani take fara yininta, ni zai tambaya, don na daɗe ina hangenta ta cikin madubi ina aske kan mutane. Da sassafe take sauka daga motar haya, jaka ta rinjaye mata kafaɗa ɗaya, takalminta shimfiɗaɗɗe irin na masu tafiyar ƙasa, ba irin mai tsinin nan da 'yan'uwanta lauyoyi suke ƙwas-ƙwas da shi ba. Ta buɗe ofis, ta ɗage labule, ta zuba wa wata shuka da ke bakin taga ruwa. Tun da na san shukar nan ba ta ƙara tsawo ba, ba ta kuma mutu ba. Daga nan sai ta jawo benci da kanta ta ajiye a inuwa. Kafin hantsi ya ɗaga bencin ya cika: matar da miji ya rasu aka kore ta daga ɗaki, leburan da inji ya cinye wa yatsu, tsohon da aka miƙa wa takarda bai san me ta ce ba.

Amma idan rana ta karkata ka zo nemanta, ka yi asarar kuɗin mota. Ta rufe ofis ta shiga gari. A nan sunan ya samo asali. Ba ta taɓa karɓar shari'ar mutum daga bakin wani. Ka zo ka ce mata, "Anti, ƙanwata ce aka zalunta," za ta saurare ka tsaf har ka gama, sannan ta gyara tabarau ta ce, "Na ji. Amma sai na gani." Ta bi ka har ɗakin da ƙanwar take, ko da bayan gari ne. Masinjan kotu, wanda nake aske wa 'yan gashin da suka rage masa, ya ce tun tana sabuwar zuwa ake mata tsiya da wannan kalma, har ta bi ta. Yanzu ko alƙalai idan suna hira a tsakaninsu da sunan suke kiranta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na tambaya ko za a yi mata wani taro, aka ce za a ba ta agogon bango. To ni ba ni da agogo, amma ina da labari, kuma duk wanda ya zauna a kujerata yakan bar mini gashi da zance. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce ta gan ta durƙushe a gefen gadon wani mai karyayyen baya tana rubutu a kan gwiwarta. Wani direba ya ce ta taɓa hawa bayan motarsa cikin buhuna don ta je ta ga wata kurma a ƙauye. Waɗannan ji na yi. Wanda zan ba ku, da idona na gani, kuma a kan abokina ya faru.

Abokin nawa muna kiransa Injiniya. Ba injiniya ba ne, ni na laƙaba masa, ya kuma karɓa hannu bibbiyu. Shan inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana ƙarami, sai Allah ya mayar masa da komai a hannu. Rediyo, fanka, tocila, dutsen guga, duk abin da ya mutu a unguwarmu a teburinsa yake farfaɗowa, teburin kuwa a rumfar shagona yake. Kekensa mai taya uku ne, irin wanda ake murzawa da hannu. Kowace safiya kafin in gan shi zan ji ƙararrawarsa, sai kuma muryarsa: "Mai Aski, kan wa za ka ɓata yau?" Ni kuma in ce, "Kan wanda ka lalata wa rediyo jiya, in rage masa baƙin ciki." Haka muka yi shekaru. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da wannan tebur ya yi aure, da shi ya sayi ɗan gidansa.

Gidan yana da ƙofa biyu. Ta gaba tana buɗewa cikin wani lungu mai faɗi da ke kaiwa titi, ta nan kekensa yake fita. Ta baya siririya ce, tana faɗawa cikin wani matsattsen lungu tsakanin katangun mutane, ga kwata a tsakiya an ɗora mata katako. Ko mai ƙafa biyu sai ya karkace yake wucewa. Rigima ta tashi ne da maƙwabcinsa Mai Bulo ya ce lungun gaba cikin filinsa yake. Magana ta kai kotu. Injiniya ya tattara abin da yake da shi ya ɗauki lauya, babba kuwa, wanda ofishinsa yake can saman wani dogon bene. Mu dai Lauyan Bene muke ce masa.

Ranar farko yayan Injiniya ne ya raka shi, direban babbar mota, mutum mai kirki da gaggawa. Suka isa suka tarar da matakala ta miƙe sama, babu wata hanya. Yaya ya ce, "Jira ni a nan, yanzu zan sauko." Injiniya ya zauna a ƙarƙashin bene yana kallon masu wucewa, Yaya ya hau ya yi bayani. Daga ranar Yaya ya zama baki, ya zama kunne. Lambarsa ce a wurin lauya, shi ake kira, shi ake tambaya.

Wata rana Yaya ya shigo gidan da fara'arsa, ya ce an yi sulhu, kuma sun ci riba. An bar wa Mai Bulo lungun gaba, shi kuma ya ba da wani fili a bayan gidan wanda ya fi lungun girma, har ɗaki za a iya ginawa a kai. Lauya ya kira shi a waya yana kan hanya, ya ce masa ga tayi mai kyau, shi kuma ya ce sun yarda. An sa hannu, alƙali ya tabbatar.

Injiniya ya dube shi ya ce, "Yaya, to ni ta ina zan fita?"

Wallahi Yaya bai taɓa tunanin haka ba, don shi duk zuwan da yake yi ta baya yake shigowa. Can sai ya ce, "Haba, mu mene ne amfaninmu? Sai mu ɗauke ka mana."

Mutumin da bulo ne sana'arsa ba ya jiran kowa. Kafin mu gama mamaki katanga ta tashi a bakin ƙofar gaba, keken Injiniya ya maƙale a tsakar gida. Mun gwada ta baya ta kowace fuska, ko tayar gaba ba ta shiga. Da farko mun yi yadda Yaya ya ce, muna goyo shi zuwa shago. Yana haƙuri, yana ta barkwanci a bayan mutum, amma ina jin yadda jikinsa yake sandarewa. Sai ranar da katakon kwata ya goce da mai goyon, suka zube a gaban mata masu layin famfo. Aka taru ana "sannu bawan Allah, sannu," wata baiwar Allah kuma, don tausayi, ta saka masa sadaka a cinya. Ya dubi abin ya daɗe. Ya ce a mayar da shi gida. Daga ranar bai sake yarda an fito da shi ba.

Teburinsa ya yi ƙura a rumfata. Mutane suka gaji da tambaya suka kai rediyonsu wani wuri. Matarsa ta shiga wankau a gidajen mutane. Ni kuwa duk safiya kunnena yana jiran ƙararrawar da ba za ta zo ba. Da abin ya ishe ni, na ajiye almakashi na tsallaka titi.

Anti ta saurare ni, sannan ta ce, "Kai ne mai matsalar?"

Na ce, "A'a, Anti, abokina ne."

"To shi yana ina?"

"Ai matsalar kenan. Ba ya iya fitowa."

Ba ta ma faɗi kalmarta ba ranar. Jakarta kawai ta sura ta ce, "Mai Aski, shige gaba."

Anti ba siririya ba ce, kuma gwiwarta tana damunta. Na ga yadda ta bi lungun nan a karkace, jaka a kai, ta taka katakon kwata tana ambaton Allah. Da muka shiga, Yaya yana nan, matar gidan tana nan, Injiniya yana zaune a tabarma ya rame, gemu ya cika masa fuska don ya hana ni ma in taɓa shi. Aka kawo mata kujera, ta ture ta gefe ta zauna a ƙasa daidai da shi. Ta ce, "Malam, me kake so?"

Yaya ya yi caraf ya ce, "Abin da yake so shi ne..."

Ta ɗaga masa hannu. "Yaya, ka yi haƙuri, ba kai na tambaya ba."

Matarsa ta ce, "Anti, ai shi dai..."

"Ke ma, 'yar'uwa, zan zo kanki."

Injiniya ya daɗe yana murza yatsunsa, kamar ya manta yadda ake amsa irin wannan tambaya. Ita kuwa ba ta ƙosa ba, ba ta duba agogo ba. Can ya ce, "Anti, ni ba fili nake so ba. So nake in fita in dawo ba tare da na ce wa kowa don Allah ba."

Ta rubuta shi yadda ya faɗa. Sannan ta tashi ta zaga gidan, ta dubi keken, ta buɗe ƙofar gaba ta yi ido huɗu da bulo. Da ta dawo ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce Mai Bulo bai saci komai ba, abin da aka ba shi a gaban alƙali ya ɗauka. Laifin yana wurin lauyan da ya kyautar da abin mutum ba tare da ya tambayi mai abin ba. Ta ce wannan sakaci ne, kuma akwai ƙara a kansa.

Na ce, "Anti, lauya ma ana kai shi ƙara?"

Ta ce, "Kai idan ka yanke wa mutum kunne, ba za a kai ka ba?"

Muka yi dariya, har Injiniya ya ɗan murmusa. Amma da ta tambayi sunan lauyan aka gaya mata, sai na ga fuskarta ta canza. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ashe a hannunsa ta koyi aiki lokacin da ta fito daga makaranta. Shi ya koya mata yadda ake tsayawa a gaban alƙali.

Ba ta fara da kotu ba. Da gwiwar nan tata ta hau benen ta same shi. Masinja ne ya kawo mini yadda suka yi, shi ma sakatariyar ofishin ce ta gaya masa. Ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Yallaɓai, ba faɗa na zo yi ba. Sauko mu je ka ga gidan." Shi kuma ya ce sulhun da ya yi kowa ya gani zai yaba, fili ya karɓo wanda ya fi wanda ya bayar, kuma shi bai saba bin lunguna ba. Ya ƙara da cewa, "Ke da na raina da hannuna, ke za ki tsayar da ni a kotu?" Ta ce, "Kai ka koya mini cewa shari'a ta mai ita ce, ba ta lauya ba. Ni ban manta ba." Ta sauko ta shigar da ƙara.

A nan ne, Anti, zan juyo gare ki, ko da na san idan kin karanta za ki harare ni ta saman tabarau. Ke ce kika shiga ɗakin cin abincin lauyoyi kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Ke ce aka yi ta kira ana cewa ki rufa wa sana'a asiri, ki tuna gobe ke ma za ki iya kuskure, kika ce idan kin yi a kai ki. Ke ce aka ɗage wa shari'a har aka rasa dalilin da za a bayar, duk ɗagewa kuma sai kin bi lungun nan kin gaya wa Injiniya da bakinki, ba ki taɓa aiko ni ba, ba ki taɓa aiken Yaya ba. Na sha ganinki kin dawo ofis kina ɗingishi, ki zauna a kan bencin masu jira ki cire takalmi. Ba ki san ina gani ba, amma madubina babba ne.

Ranar da za a saurari shaida, ɗakin shari'ar ma a sama yake. Anti ta tsaya kai da fata sai da aka sauko da zaman ƙasa. Ta je ta roƙi Injiniya ya yarda a ɗauke shi sau ɗaya tak, ta ce muryarsa ake bukata, ba ta wani ba. Ya yarda. Na yi masa aski, Yaya ya goya shi, aka aro masa kujera mai taya daga asibiti.

Lauyan Bene dattijo ne mai kwarjini, kuma gaskiya ba fuskar mugu gare shi ba. Da Anti ta tashi yi masa tambaya, sai da ta ɗan sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, kafin yau ka taɓa ganin wannan mutumin?"

Ya dubi Injiniya, ya ce, "Ban taɓa ba."

"Ka taɓa jin muryarsa, ko a waya?"

"Da ɗan'uwansa nake magana."

"Gidan na ɗan'uwansa ne?"

"A'a."

"Ka san ba ya tafiya da ƙafa?"

"An ce mini ƙafarsa ba ta da lafiya, shi ya sa ba ya hawowa."

"Da aka ce maka haka, ka tambaya ta ina yake fita daga gida?"

Fankar ɗakin kawai ake ji, ita ma ta kusa zuwa wurin Injiniya gyara. Anti ba ta ƙara masa ko kalma ba, ta zauna. Lauyan da ke kare Lauyan Bene ya miƙe ya yi ta bayani a kan girman filin da aka samo, sannan ya tambayi Injiniya ko ya musanta cewa filin baya ya fi lungun girma. Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya musantawa ba, don ban taɓa ganinsa ba. Ƙofar da za ta kai ni can ma kekena ba ya wuce ta." Yaya ya kifa kai a gwiwa. Ni ma sai da na nemi abin goge ido.

Alƙali ya ce an yi sakaci, ya ce Lauyan Bene ya biya diyya. Mun fara murna kenan sai ya ƙara da cewa sulhun da aka yi da Mai Bulo yana nan daram, domin shi ba shi ake ƙara ba, kuma bai yaudari kowa ba. Wato katanga tana nan.

A bakin kotu mutane suna ta yi wa Anti barka, wai ta yi abin da ba a saba gani ba. Injiniya ya jira suka watse, ya ce, "Anti, Allah ya saka. Amma kuɗin nan zan hau in fita?"

Ta ce, "A'a. Ba mu gama ba."

A wurin ofishinsu kuwa an gama. An ci shari'a, an rufe magana, ga wasu a benci suna jira. Abin da ta yi daga nan ba aikinta ba ne, babu wanda ya sa ta, babu wanda zai biya ta. Idan an tashi aiki da yamma sai ta bi ta wurin buga bulo. Ta yi wa Mai Bulo tayin a mayar masa da filinsa na baya, a ƙara masa da diyyar, ya buɗe hanya. Mai Bulo ya ce shi kotu ta ba shi, kuma ba ya sayar da ƙasa. Ta ce to, ta zauna a kan bulo tana kallon aiki. Washegari ta dawo. Leburorinsa har suka saba, suna share mata wurin zama. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa yi masa barazana da doka ba, don ta san doka tana bayansa. Tambayarsa take yi farashin siminti, da lafiyar iyali, da abin da ya sa bulon wasu yake rugujewa. Wata yamma ya gaji ya ce, "Hajiya, don girman Allah me kike so da ni?"

Ta ce, "Ka raka ni gidan maƙwabcinka. Ka shiga, ku gaisa, ka fito. Idan ka yi haka ba za ka sake ganina ba."

Don ya rabu da ita ya yarda. Ni ina gidan lokacin, na kai wa Injiniya wata rediyo ya ɗan rage zaman banza da ita. Mai Bulo ƙato ne, sai da lungun ya goge masa riga ta gefe biyu, ya kusa faɗawa kwata, ya shigo yana haki. Ya tsaya a tsakar gida. Ga keke an kife masa buhu, tayoyi sun sace. Ga ƙofar gaba a buɗe, bulonsa ya toshe ta, da tambarinsa a jiki. Tun da ya yi ginin bai taɓa ganinsa ta wannan gefen ba.

Injiniya ya ce, "Maƙwabci, sannu da zuwa. Fankar nan taka tana aiki kuwa?"

Mai Bulo ya ce, "Tana yi." Sannan ya ce, "Ni fa yayanka ne ya ce kun yarda. Na ɗauka kana da wata hanya."

"Ita ce ka biyo yanzu."

Mai Bulo ya dubi rigarsa, ya dubi ƙofar baya. Anti tana gefe kamar ba ita ta kawo shi ba. Ya je ya yaye buhun da ke kan keken, ya ciro igiyar awo daga aljihu ya auna faɗinsa, ya ƙara tafin hannu a kowane gefe, ya ƙulla. Ya ce lungun duka ba zai bayar ba, don ya riga ya zuba kaya a ciki, amma zai ja katangar baya daidai wannan ƙulli, a mayar masa da filinsa, a biya kuɗin rushewa da sake gini. Anti ta juya wurin Injiniya ta ce, "Ka ji abin da ya ce. Ka yarda?" Yaya ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe abinsa. Injiniya ya ce, "Na yarda." Ta sa ya sake faɗa a gaban alƙali da bakinsa, ya kuma sa hannu da hannunsa.

Ranar da aka fasa katangar na rufe shago. Na ba tayoyin iska, matarsa ta wanke keken kamar za a kai shi kasuwa. Da aka kwashe ɓaraguzan, ya hau, ya murza a hankali, don hannayensa sun kwana biyu ba su yi aikin ba. Ya bi sabuwar hanyar ya fito titi. Na zaci rumfa zai nufa, har na fara kakkaɓe masa tebur a raina. Ina! Ya miƙe har ƙarshen layi, ya juyo, ya wuce mu, ya sake miƙewa. Matarsa ta ƙwala masa kira, "Ina kuma za ka?" Ya ce, "Babu ko'ina! Fita kawai nake yi!" Anti tana tsaye a gefen kwata da jakarta tana dariya, hawaye yana bin gefen tabarau. Ba ta tsaya an yi mata godiya ba. Ta ce akwai wata tsohuwa da take jiranta, ta tari mota ta tafi.

An ce Lauyan Bene ya sa tebur da kujera a ƙasan benensa, yana saukowa idan an ce akwai wanda ba ya iya hawa. Ban je na duba ba, kuma tunda Anti ta ɓata ni ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Idan gaskiya ne, Allah ya ƙara masa. An kuma ce har yau bai amsa gaisuwarta ba, wannan kuwa na san yana mata ciwo, don ta taɓa ce mini mutumin kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa har ya daina ganin mutane.

Anti Sai-Na-Gani, lauyar marasa lauya, mun gode. Mun gode da takalman da kika cinye a lungunanmu, da abokan da kika rasa saboda mutumin da ba danginki ba. Ki je ki huta, ki ba gwiwar nan haƙƙinta. Allah ya sa abin da kika yi ya tarye ki inda ake bukatarsa.

Ku kuma matasan lauyoyi da nake gani kuna wucewa da baƙaƙen kwat, da ku likitoci, da ma'aikatan ofis, da mu 'yan'uwa masu yi wa namu magana saboda ƙauna, ga abin koyi a gabanmu tun tana raye. Idan an ce maka mai maganar yana ƙasa ba ya iya hawowa, sauka. Ka tambaye shi, ka jira ya amsa, ko da amsar za ta daɗe.

Da na gaya wa Injiniya ina wannan rubutu, yana kan teburinsa ya tsura wa cikin wata rediyo ido. Na ce ko yana da saƙo. Ya ce in rubuta daidai yadda ya faɗa, kada in gyara masa kamar yadda nake ɓata kan mutane. Ga shi:

"Ka gaya wa Anti, shekaranjiya na fita ban gaya wa kowa ba. Na yi nisa, ruwan sama ya kama ni a hanya, babu wanda ya san inda nake. Na dawo sharkaf, matata ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ka ce mata na gode."